Ɗana ya sauko daga 8 zuwa 5 a lissafi: matsalar samari ce duka, ko ta gidana ce?

Baban Sadik, Tampere

Assalamu alaikum jama'a. Na jima ina leƙowa nan ina karanta hirarku ban taɓa tofa albarkacin bakina ba. Yau dai damuwa ta sa na kawo kukana.

Ni mutumin Zariya ne, shekarata 11 a Finland, ina tuƙa bas a cikin garin Tampere. Iyalina sun biyo ni shekara bakwai da suka wuce, lokacin babban ɗana Sadik yana ɗan shekara takwas. Yanzu 15 gare shi, yana aji tara, ajin ƙarshe na makarantar da suke kira peruskoulu. A nan maki daga 4 yake farawa ya tsaya a 10, kuma 4 ita ce faɗuwa. Yaron nan a aji shida 8 yake kawo mini a lissafi. Aji bakwai ya koma 7, bara 6. Gwajin da suka yi watan jiya 5 ya ci, kuma ba daga bakinsa na ji ba, mahaifiyarsa ce ta gani a Wilma, manhajar da malamai ke turo wa iyaye saƙo. Ƙanwarsa da ke aji bakwai, gida ɗaya, tukunya ɗaya, 9 take ci.

Da aka kira taron iyaye na roƙi wani abokin aikina ya karɓe mini aikin yamma na je. Malamar lissafinsu ta haska mana wani zane a bango, layi yana ta gangarowa kamar mai saukowa daga dutsen Kufena. Ta ce sakamakon PISA ne, gwajin da OECD, ƙungiyar haɗin kan tattalin arziki ta ƙasashen da yawancinsu masu arziki ne, ke yi wa 'yan shekara 15 tun daga 2000. A 2006 Finland ta ci maki 548 a lissafi, duniya tana ta zuwa kallon makarantunta. A 2018 ta sauko 507, a 2022 kuma 484. Sai ta ce abin da ya tsaya mini a rai: a 2003 samari ne a gaba, 548 su, 'yan mata 541. A 2022 samari 482, 'yan mata 487. Wato cikin shekara 19 samarin ƙasar nan sun zubar da maki 66. Ta ƙara da cewa yanzu kusan ɗaya cikin kowane yara huɗu ba ya kai mataki na biyu, wanda shi ne mafi ƙarancin abin da ake son ɗan shekara 15 ya iya, alhali a 2003 ko bakwai cikin ɗari ba su cika ba.

Na dawo gida jikina a sanyaye. Da dare na ɗauki waya na shiga bincike, sai na ci karo da akasin haka. Rahoton na 2022 ɗin dai shi ne ya ce a ƙasashen OECD samari sun fi 'yan mata da maki 9 a lissafi, kuma ratar ƙaruwa ta yi, don a 2018 maki 5 ce. To wanne zan kama? Samari gaba suke yi ko baya?

Ba don in ci musu nake tambaya ba. A watan Fabrairu zuwa Maris za a buɗe neman gurbin makarantar gaba, kuma makin takardar kammalawa ake dubawa kafin a ɗauki yaro a lukio, wadda ita ce hanyar jami'a mafi miƙewa. Idan abin nan iska ce da ta kaɗa samari duka, in san irin addu'ar da zan yi. Idan kuma laifina ne, ni da nake fita ƙarfe huɗu da rabi na asuba wani makon, wani makon kuma ba na shigowa sai sun yi barci, to a gaya mini gaskiya. Akwai malamai a nan, na sani. Don Allah ku taimaka mini da shawara.

Malam mai ritaya, Kumasi

Wa alaikumus salam Baban Sadik. Allah ya shirya mana su baki ɗaya.

Ɗana, maganganun biyu duk gaskiya ne, ba sa karo da juna. Idan mutum biyu suka zame a gangare, ɗaya ya tafi taku goma ɗaya ya tafi taku goma sha huɗu, tazarar da ke tsakaninsu ta ƙaru, amma babu wanda ya hau sama. Abin da ya faru tsakanin 2018 da 2022 ke nan. Matsakaicin makin lissafi a ƙasashen OECD ya faɗi da kusan 15, faɗuwar da ba a taɓa gani ba tun fara gwajin. Samari sun faɗi, 'yan mata sun fi su faɗuwa, shi ya sa rata ta buɗe. Jamus ta sauko daga 500 zuwa 475, Faransa daga 495 zuwa 474, Norway daga 501 zuwa 468. Annobar korona ta taka rawa, har ita ta sa aka ɗage gwajin daga 2021 zuwa 2022, amma a wurare da dama, ciki har da inda kake, gangarowar ta riga annobar farawa da shekaru.

Ni ban taɓa ganin PISA da idona ba, amma na ga ɗan uwanta, TIMSS, wanda ake yi duk shekara huɗu. Gana ta shiga sau uku da 'yan aji biyu na ƙaramar sakandare. A 2003 mun ci 276, a 2007 muka ci 309, a 2011 kuma 331, a ma'aunin da tsakiyarsa 500 ce. Muna can ƙasan jerin, kodayake muna ɗagawa a hankali. Kuma a duk ukun samari ne a gaban 'yan mata. Ka ga ashe "samari sun fi" ba yabo ba ne. Ana iya fin wani alhali ku duka kuna cikin rami.

Bari in ba ka labarin 2007, don ba na manta shi. A shekarar aka canja mana kuɗi, sidi 10,000 na da ya koma sidi ɗaya. Ina da wani yaro ɗan zango a ajina, bayan an tashi yana taya kawunsa sayar da takalma a kasuwar Kejetia. Tsofaffi suna rikicewa da sabon kuɗi, shi kuwa kafin ka rufe baki ya juya maka tsohon farashi zuwa sabo, ya cire ragi, ya miƙo canji. Yaron nan a takarda ba ya wuce 30 cikin ɗari. Na zaunar da shi wata rana na ga inda gizo ke saƙar: da zarar tambaya ta wuce layi biyu na Turanci, ba ya ko karantawa, lambobin kawai yake tsamowa ya tara su ko ya ninka, duk wanda ya zo masa. Kansa lafiya lau yake. Ƙofar shiga tambayar ce a rufe.

Abu ɗaya kuma da zan so ka riƙe game da waɗannan alkaluma: wanda ke cikin aji kaɗai suke aunawa. Saurayin da ya bar makaranta ya tafi garejin kanikanci ko ramin haƙar zinare ba ya cikin lissafin. A ƙasarku ta zama kusan kowa yana makaranta, don haka lambar tana faɗin gaskiya mai yawa. A wurarenmu da za a yi, da ta ɓoye rabin labarin. Najeriya ma har zagayen 2022 ba ta shiga PISA ba, saboda haka duk wanda ya ɗauko wannan sakamakon ya ɗora wa yaran gida, aron riga ya yi musu.

Maman Ikram, Birmingham

Baba Malam ya gama rabin magana, Allah ya ƙara lafiya. Baban Sadik, ni lissafi nake koyarwa a wata sakandaren gwamnati a nan Ingila, shekara tara ke nan, kuma abin da ke hana mu barci a nan kishiyar naka ne. A TIMSS na 2023, wanda sakamakonsa ya fito a Disamban 2024, samarinmu 'yan aji tara, masu shekara 13 zuwa 14, sun fi 'yan mata da maki 26. A 2019 ratar maki 2 ce kacal. Cikin shekara huɗu! Ina da 'ya mace, don haka kada kowa ya ce mini 'yan mata sun gama tsira a bar maganarsu. Ina da yarinya a aji wadda za ta yi aikin daidai daga farko har ƙarshe, in na ce ta tashi ta faɗi amsa sai ta ce "wataƙila ba daidai ba ne". Kusa da ita saurayi zai ɗaga hannu tun ban gama tambayar ba, amsar kuma ba ita ba ce, ko a jikinsa.

Amma ga abin da matsakaicin maki ba ya nunawa, kuma shi ne amsar tambayarka. A makarantarmu ana raba ɗalibai rukuni-rukuni gwargwadon ƙoƙarinsu. Ina koyar da rukunin farko, ina koyar da na ƙarshe. Na farko samari sun fi yawa. Na ƙarshe ma samari sun fi yawa. PISA ta ga rabin wannan: a 2022, a ƙasashen OECD, kashi 11 cikin ɗari na samari sun kai mataki na biyar ko na shida, matakan ƙoli, a lissafi, 'yan mata kashi 7. Waɗannan zaƙaƙuran na sama su ne ke jan matsakaicin samari yana ɗagawa. A ƙasa kuwa, wajen waɗanda ba su kai mataki na biyu ba, babu wani fifiko da samari suke da shi, kusan kashi 31 na yara duka suna can, maza da mata kafaɗa da kafaɗa. To idan an ce "samari sun fi da maki 9", ba ɗanka ake nufi ba, ba kuma yarana na rukunin ƙarshe ba. Wani yaro ne can da ke warware lissafin da ko ni sai na zauna.

Sai ka haɗa da karatu. A wannan gwajin dai 'yan mata sun fi samari da maki 24 a fahimtar rubutu, kuma kusan saurayi ɗaya cikin uku bai kai mataki na biyu ba. Me ya haɗa wannan da lissafi? Komai. Tambayoyin PISA ba "warware wannan" ba ne kawai. Labari ake ba ka, na farashi ko na tafiya ko na wani jadawali, ka karanta a kwamfuta, ka gane me ake nema, sannan ka fara lissafi. Awa biyu ake yi. Kuma babu makin da ke komawa ga yaro ko iyayensa, ba ya shiga takardar kammalawa. Na sa ido a irin waɗannan gwaje-gwajen da ba a ba da maki, na ga yadda wasu samarin ke yi: minti ashirin na farko da gaske, daga nan sai danne-danne don a gama. Wannan ma wani abu ne da lambar ke aunawa, haƙurin zama da abu mai wuya, ba ilimin kaɗai ba.

Ban yarda a ce halitta ce ba, ko ta wane ɓangare. Da halitta ce da ba za a samu ƙasashe 40 da samari ke gaba ba, 17 kuma 'yan mata ke gaba, a gwaji ɗaya, shekara ɗaya. Italiya samari sun fi da maki 21, Finland 'yan mata sun fi da 5. Kuma saurayin Singafo, inda matsakaici ya kai 575, da saurayin ƙasar da ke 360, duk samari ne.

Yanzu ga abin da nake so ka yi, Baban Sadik, kafin ka yanke wa kanka ko yaron hukunci. Ka sa ya kawo takardar gwajin nan da ya ci 5. Kada ka kalli makin. Ka duba ina ya rubuta, ina ya bari fari. Idan tambayoyin lamba zalla ya yi, masu labari ya tsallake, to ka karanta masa su da Hausa, ko da yaren da kuka fi sakewa da shi a gida, ka ba shi biro ka yi shiru. Yaron da ya shiga ƙasa yana ɗan shekara takwas zai iya yin yaren titi kamar ɗan gari, har ya fi ka, amma yaren littafi daban ne, kuma daga aji bakwai ne littafin lissafi ke cika da zance. Ka lura daidai nan makinsa ya fara sauka. Wanda ya warware bayan ka karanta masa, matsalar harshe ce. Wanda ya kasa ko da Hausa, wannan ramin lissafi ne na gaske, sai a san inda za a cike. Kuma don Allah kada ka yi wannan a gaban ƙanwarsa, kada kuma ka ambaci 9 ɗinta.

Abu Yasir, Doha

Yaya Baban Sadik, sannu da ƙoƙari. Ni ba malami ba ne, aikin lantarki nake yi a nan Katar, amma in ƙara a kan maganar Malama: cikin ƙasashe 17 ɗin nan da 'yan mata ke gaba akwai Katar, da Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa, da Jodan, da Falasɗinu, da Maroko, da Malesiya, da Indonesiya. Na faɗi haka ne don masu cewa lissafi ba na mata ba ne su ji, ga ƙasashen Musulmi nan jere. A nan makarantun gwamnati na maza daban na mata daban, kuma iyayen da nake hulɗa da su, kukan makarantar maza suke yi. Yarinya tana gida da yamma da littafinta, saurayi yana waje har dare, an ce ai namiji ne.

Ni dai waya nake zargi. A binciken na 2022 kusan kashi 30 na ɗalibai a ƙasashen OECD sun ce na'ura tana ɗauke musu hankali a yawancin darussan lissafi, a Finland kashi 41. Na ji ma daga watan Agustan 2025 doka ta taƙaita riƙe waya a aji a can wajenku. Ka karɓe wayar kawai, Yaya, za ka ga canji.

Maman Ikram, Birmingham

Abu Yasir, waya tana da nata laifin, ban musa ba. Amma ƙanwar ma tana da waya. A fara duba takardar.

Baban Sadik, Tampere

Na gode ƙwarai, Baba Malam, Malama, da ƙanena na Doha. Allah ya saka da alheri. Na yi shiru kwana uku ne don ina jiran ranar hutuna.

Jiya Asabar bayan azahar na aiki mahaifiyarsu da ƙanwar kanti, muka zauna ni da shi a teburin kicin. Da ƙyar ya fito da takardar, a ƙasan jaka take a dunƙule. Malama, kamar kina wurin. Shafin farko, inda ake warware x, ya yi shida cikin takwas daidai, rubutu tsaf. Na juya baya, tambayoyi biyar masu labari, fari fat. Ko ɗigon biro babu. Na ce me ya hana ka? Ya ce lokaci ne ya ƙare. Na yi shiru ina kallonsa. Can ya sunkuyar da kai ya ce in ya ga rubutun da yawa kansa ne ke yin zafi, kuma kunya yake ji ya tambaya, don kowa a ajin ya ɗauka ya iya yaren tunda da shi yake wasa da su. Shekara uku yaron nan yana ɗauke da wannan ban sani ba. Wallahi sai da na tashi na sha ruwa kafin na iya ci gaba.

Ni ma yaren littafin ya ba ni wuya, sai da na nemi ma'anar kalma biyu a waya. Na karanta masa ɗaya bayan ɗaya da Hausa. Ta farko, ta jirgin ƙasa da nisan tafiya, minti biyu ya gama. Ta biyu da ta uku ma haka, har yana cewa "au, wannan ce kawai?"

Ta huɗu ce ta tsayar da mu. Keke ne na Yuro 240, aka rage kashi 15 cikin ɗari, bayan wata ɗaya aka ƙara kashi 15 a kan sabon farashin, nawa ya koma? Ko biro bai ɗauka ba ya ce 240, ai abin da aka cire aka mayar. Na ce lissafa mu gani. Ya samo 204 daidai, sai ya sake ƙara 36 ɗin da ya cire. Na maimaita masa da Hausa sau uku cewa a kan sabon farashin za a ƙara, bai ga bambancin ba. Sai da na ɗauko kuɗi na zube a tebur muka ƙirga tare kafin ya yarda 234.60 ce. Ta biyar ma kashi cikin ɗari ce, ita ma ya kasa. Don haka duka biyun da kika faɗa akwai su: uku harshe ne, biyu rami ne, kuma ramin wuri ɗaya yake.

Maganar waya, Abu Yasir, ban karɓe ba. Mun yi da shi daga ƙarfe tara na dare tana kwana a kicin, tawa ma haka in ina gida. Bai ji daɗi ba amma bai yi musu ba.

Na rubuta wa malamarsu ta Wilma daren jiya, na gaya mata abin da na gani shafi da shafi, na roƙi a sa shi a darasin ƙarin taimako, a kuma haɗa ni da mai koya musu yaren Finland. Yau Lahadi, ban sa ran amsa ba sai gobe. Baba Malam, idan kana da tambayoyin kashi cikin ɗari irin na kasuwa, waɗanda kake ba yaranka na Kumasi, don Allah ka turo mini ko goma ne. Makon nan aikin asuba nake, ƙarfe biyu na rana ina gida, shi kuma yana dawowa wajen uku.